Sikeli Ya Ce Inna Ta Yi Ƙiba, Ya Ce Baba Lafiyarsa Ƙalau

Assalamu alaikum Anti. Ina aure a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura, gidanmu ba nisa da inda nake. Wata huɗu da suka wuce aka zo gwajin lafiya kyauta a garinmu, aka ɗora Inna da Baba a sikeli, aka auna tsawonsu. Inna ta kai shekara 70, bayanta ya ɗan ranƙwafa. Nauyinta kilo 66, tsawonta mita 1.46, aka rubuta mata 31 a kati, aka ce ƙiba ce, ta rage ci. Baba ya haura 75, kilo 70, tsawo mita 1.70, aka rubuta masa 24, aka ce lafiyarsa ƙalau. Da babban yayanmu da ke Kano ya ji, sai ya hana Inna tuwon dare da fura, ya kawo wani sikeli mai batir da ke nuna kitse. Da safe sikelin ya ce kashi 41 cikin 100, da yamma ya ce 37. Yanzu Inna ta koma kilo 61, Yaya na ta murna, amma ni na ga sai ta dafa bango take tashi daga sujada, ga yawan jiri. Shi kuwa Baba hannuwansa da ƙafafunsa kamar sillen kara, ciki ya yo gaba har an sake masa zariya. Wane awo ne gaskiya? Kuma yaya zan gaya wa Yaya ba tare da ya ce na raina shi ba?

Ƙanwarki daga ƙasar Ringim.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ƙara wa tsofaffin nan lafiya, ke kuma ya ba ki ladan lura.

Bari in fara da abin da ba ya jiran gobe: a mayar wa Inna tuwonta da furarta a daren yau. Kilo 5 cikin 66 a wata huɗu, kusan kashi 8 cikin 100 ke nan na nauyinta. A wajen likitoci, tsohon da ya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 a wata shida ba barka ake yi masa ba, bincikensa ake yi. Yunwa in ta kama tsoho ba kitse kaɗai take ci ba, har da tsoka take haɗawa, tsokar tsoho kuwa in ta tafi da ƙyar take dawowa. Dafa bangon nan da kika gani, cinyoyinta ne ke kai ƙara. Batun jiri kuma a kai ta asibiti. A gwada hawan jininta tana zaune, a sake gwadawa tana tsaye, a duba sukari, a duba ƙarancin jini. In tana shan maganin hawan jini, a gaya wa likita cewa ta rame, don abin da ya yi wa mai kilo 66 daidai yana iya yi wa mai kilo 61 da ke kwana da yunwa yawa.

To, ga tambayarki. Ki tambayi Baba yadda ake cinikin rago a kara, a Maigatari ko a Wudil, gab da babbar sallah. Wanda ya san dabba ba ya yarda da girman ciki, ba ya ma yarda da nauyi shi kaɗai. Sai ya dafa gadon baya, ya matsa cinya, ya laluba gindin bindi, don ya san ana ɗirka wa rago dusa da kanwa da ruwa ya cika ido. Sikeli ba shi da wannan wayon. Ƙashi da tsoka da kitse da ruwa, har ɗanwaken da aka ci da rana, duk yakan haɗa su ya ba da lamba ɗaya.

Lambobin da aka rubuta a katinsu, 31 da 24, lissafin nauyi da tsawo ne, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa bi-em-ai. Ana ninka tsawon mutum sau kansa, a raba nauyinsa da abin da ya fito. Na Inna, 1.46 sau 1.46 ya ba da 2.13, aka raba 66 da shi, ga 31. Ba likita ba ne ya ƙirƙiro lissafin. Wani masanin lissafi da taurari ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a shekarun 1830, yana neman siffar matsakaicin mutum a tsakanin Turawan ƙasarsa. A 1972 wani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da yake amsawa yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka masa iyakoki: ƙasa da 18.5 rama ce, daga nan zuwa 24.9 daidai, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba. Ba na raina wannan lissafi, kuma ban ga laifin waɗanda suka zo gwajin ba. Ba ya cin kuɗi, ana iya auna gari guda kafin la'asar, kuma a jikin ɗan shekara arba'in galibi yakan faɗi kusa da gaskiya. A jikin tsoho ne yake tuntuɓe a wuri biyu, sai aka yi katari duka biyun suna kwana a gidanku.

Tuntuɓen farko tsawo ne. Tsufa na cin tsawo. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya yakan bushe ya lotsa, ƙashin kansa yakan yi rauni, musamman a mata bayan al'ada ta ɗauke, sai baya ya ranƙwafa. Tunda kuma sau kansa ake ninka tsawo, ɗan ragi kaɗan yakan zama babba a lissafi. Ki ɗauka Inna tana amarya tsawonta mita 1.54 ne. Da wannan tsawon, kilo 66 ɗin nan dai 28 yake bayarwa, ba 31 ba. Ba ta ƙara ko loma ba, baya ne ya tanƙwara, lissafi ya ɗauke ta ya kai ta ajin masu ƙiba.

Maganin wannan masu haƙar rijiya sun riga asibiti saninsa, wato gaba. Ƙashin hannu ba ya raguwa da tsufa yadda gadon baya ke yi. Ki sa Inna ta jingina da bango, ta ware hannuwanta daidai kafaɗa, ki sa alama da gawayi a ƙarshen dogon yatsan dama da na hagu, ki auna tsakani. In kafaɗa ɗaya ta ƙi buɗewa, ki auna daga ramin wuya zuwa ƙarshen yatsan hannun da ke miƙewa, ki ninka biyu. Gabar mutanenmu takan ɗara tsawonsu da 'yan santimita, saboda haka kirdado ne, amma ya fi auna lanƙwasasshen baya. A asibiti wani lokaci daga gwiwa zuwa diddige suke aunawa su fitar da tsawon da mutum yake da shi a da.

Ko da ma lambar ta fito daidai, iyakokin nan na tsaka-tsakin shekaru ne. Binciken da aka tattara kan masu shekara 65 zuwa sama, akasarinsu a ƙasashen Turawa, ya nuna waɗanda ke tsakanin 25 da 30 ba su fi sauran saurin mutuwa ba, haɗarin ya fi bayyana ga waɗanda suka gangara ƙasa da 23. Ƙa'idar gane tamowa da manyan ƙungiyoyin masana abinci suka fitar a 2018 ma cewa ta yi, mai shekara 70 da lambarsa ta gaza 22 a ɗauke shi ya rame. Tsoho na bukatar ɗan guzuri a jiki. Zazzaɓin mako guda ko gudawar damina kan kwantar da ramamme, mai ɗan jiki ya tashi ya kakkaɓe. Ba ina cewa Inna ba ta da kitsen da ya wuce kima ba. Ina cewa katin nan bai isa shaida a hana ta tuwo ba.

Tuntuɓe na biyu shi ya fi damuna, don Baba aka sallama da "lafiya ƙalau". Tun daga shekara 30 tsokar ɗan Adam ke raguwa, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan 60 kuma gudun ya ƙaru. Manomin da 'ya'ya suka karɓe masa fartanya, ya koma zaman dakali daga hantsi zuwa azahar, tsokar cinya da damtse za ta narke, kitse ya taru a ciki. Sikeli na nan yana cewa kilo 70 kamar shekara ashirin baya. Buhun riɗin da aka ɗebe aka cike da yashi ma ai nauyinsa bai canja ba. Kuma kitse suna ya tara. Na ƙugu da cinya, irin wanda ya fi yawa a mata, yana kwance ne ƙarƙashin fata, ɓarnarsa kaɗan ce. Na cikin ciki, wanda ke naɗe hanji, jininsa kai tsaye hanta yake zuwa, shi ne abokin tafiyar ciwon sukari da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Mu kuwa tumbi kirari muke yi masa, mu ce Alhaji ya samu hutu.

Wannan kitsen tef ɗin tela ne ke kama shi. Mutum ya tsaya da safe kafin karin kumallo, ya ɗaga riga. A laluba haƙarƙarin ƙarshe, a laluba saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef a tsakiyarsu. Kada a bi cibiya, don in tumbi ya zubo cibiya ƙasa take yi, kada kuma a bi inda zariya ke zama. Ya saki numfashi yadda ya saba, ban da shanye ciki, tef ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba. Namiji in ya wuce santimita 94 an fara shiga haɗari, in ya wuce 102 haɗarin ya yi yawa. Mace 80 da 88. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, a lura da wadda ake karantawa: a inci, na namiji 37 da 40 ne, na mace 31 da rabi da kusan 35. Su ma waɗannan lambobin a jikin Turawa aka samo su. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ce a 2005 mu 'yan Afirka kudu da Sahara mu ara 94 da 80 kafin a samu namu.

Shi ya sa na fi son igiya. A auna tsawon Baba da igiya daga tsakiyar ka zuwa ƙasa, a yanke, a ninka ta biyu, a zagaya cikinsa da ita. In bakunan suka haɗu, madalla. In suka ƙi, cikin ya wuce rabin tsawonsa, wato santimita 85 a wurinsa. Ba ruwanta da dogo ko gajere, ba ruwanta da boko, kuma ba dabarar ƙauye ba ce kawai: hukumar da ke tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Ingila ta sa wannan awon a ƙa'idarta a 2022, ta ce daga rabi an fara haɗari, daga 0.6 na tsawo ya yi tsanani. A watan Janairun 2025 wani kwamitin masana ya wallafa a ɗaya daga mujallun likitoci na Lancet cewa kada a yanke wa mutum hukuncin ƙiba da lissafin nauyi da tsawo shi kaɗai, a haɗa da awon ciki. Ga Inna, a yanke igiyar da tsawonta na da, kuma a tuna ranƙwafaffen baya kan turo ciki gaba, kada santimita biyu ko uku su tayar da hankali.

Amma kafin ki ce cikin Baba kitse ne, tsaya. Sirarran gaɓoɓi da babban ciki a jikin dattijo kan iya zama ruwa. Tef ba ya bambance su. Cikin ya fito ne a hankali cikin shekaru, ko cikin 'yan watanni? Yana da laushi, ko ya ɗaure kamar ganga har cibiya ta turo? A danna ƙwaurinsa da babban yatsa a ƙirga biyar, in aka ɗaga rami ya zauna, kumburi ne. A duba farin idonsa ko ya yi rawaya, a tambaye shi ko numfashi na sarƙe masa in ya kwanta rigingine. Hanta na kawo haka, ciwon hanta kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan, haka tsohuwar tsargiya ga waɗanda suka girma a fadamun kogin Haɗeja. Zuciya da ƙoda ma na kawo shi. In aka ga ko ɗaya cikin waɗannan, batun igiya ya ƙare, sai babban asibitin Ringim a yi hoton ciki, in ta kama su tura shi Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano. Ko ba a ga komai ba, a gwada masa sukari da safe kafin ya ci abinci, in ya kai 126, ko 7 a injin da ke ƙirga da ƙananan lambobi, a maimaita gwajin a asibiti.

Sikelin Yaya ba ƙarya yake yi da gangan ba, abin da ba a gaya muku ba shi ne ruwa yake aunawa. Yana tura 'yar wutar da ba a ji daga tafin ƙafa ɗaya zuwa ɗaya. Tsoka ruwa gare ta, wuta na wucewa da sauƙi, kitse kuwa tare ta yake yi. Sauran duk cinta ce, daga shekaru da tsawon da aka danna masa. Da yamma ruwan jiki ya gangaro ƙafa, sai ya ce kitse ya ragu, ga 41 ɗinki da 37. Azumi, zafin bazara, maganin da ke sa fitsari, har faso da kantar ƙafar wadda ta yi shekara saba'in tana taka ƙasa, duk suna juya lambar. Wutar ma daga ƙafa zuwa ƙafa take bi, da ƙyar take leƙa cikin da muke magana a kai. A bar shi yana auna kilo, wannan ya iya. Wanda aka dasa wa batirin zuciya kada ya hau shi sam.

Akwai na'urar da ta fi su duka, ana ce mata deksa. Mutum ya kwanta, a haska shi da ɗan hasken hoton ƙashi mara ƙarfi, ta ware ƙashi da kitse da tsoka kowanne daban, har ta faɗi ko ƙashi ya fara zaizayewa. Sai manyan birane, kuma da tsada. Kuɗin motar zuwa nemanta ki saya wa Inna ƙwai da nono. Akwai kuma awon kitse ta hanyar matse fata da ɗan awartaki, amma fatar tsoho ta saki, kuma awon ba ya kai wa ga kitsen ciki.

Abin da duk waɗannan ba su tambaya ba shi ne wanda idonki ya gani: ƙarfi nawa ya rage? Na taɓa duba wani dattijo da katinsa ya ce komai daidai. Da ya zauna ya ɗage wando, na zagaye sha-raɓarsa da manyan yatsuna biyu da manuniya biyu, suka haɗu har da sauran fili. 'Ya'yansa na tsaye suna cewa ai Baba ba shi da ƙiba, alhamdulillahi. Ki auna sha-raɓar kowannensu a inda ta fi kauri, suna zaune ƙafa a ƙasa. Ƙasa da santimita 31 alama ce ta tsoka ta tafi, sai dai in ƙafar a kumbure take, awon ba ya aiki. Damtse kuma, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ƙasa da 23 da rabi rama ce. Kada ki ɗauko ɗan tef mai ja da rawaya da kore da ake auna yara masu tamowa, launukansa na 'yan ƙasa da shekara biyar ne. Sai gwajin kujera. A jingina kujera mai ƙwari da bango, tsoho ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar, wani na tsaye a gefensa, wani na duba agogon waya. In ya wuce sakan 15, ko ya kasa sai da dafawa, ƙafafun sun yi rauni. Wannan ya fi faɗa mini wanda zai faɗi a hanyar bayan gida da asuba fiye da kowace lamba a kati.

Abincinsu kusan ɗaya ne, abin da ya bambanta kaɗan ne. Su biyun suna bukatar mai gina tsoka a kowane ci: wake, ƙosai, alale, awara, ƙwai, nono, kifi, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, sai dai in likita ya ce ƙoda ta taɓu, shi zai faɗi adadi. Abin ragewa sukari ne a shayi da koko da fura, da lemon kwalba, da gishiri da dunƙule a miya. Baba ya rage malmala ya ƙara miya da ganye. Inna ta ci ta ƙoshi tukuna. In haƙora ne matsala, a dafa ya yi luguf. Kuma ku daina ƙwace musu kowane aiki da sunan hutarwa. Baba ya taka zuwa masallaci sau biyar, ya zagaya gona da sanyin safiya, Inna ta share ɗan tsakar gidanta, ta leƙa maƙwabta. Tashi da zaman kujerar nan kansa magani ne in ana yin sa kullum.

Shi kuma Yaya, kada ki tunkare shi da "ka yi kuskure". Kuɗinsa ya sa, tsoro ne ya kama shi, ya ga abin da ciwon sukari ke yi wa mutane a birni. Ki ce masa, "Yaya, an ce akwai wani awo na tef da ake haɗawa da na sikeli, ga shi kai ka fi mu gane waɗannan abubuwa, in ka zo ka gwada mana." Dama ba ke za ki ɗaga wa Baba riga ba, aikinsa ne, ko na jika, wanda zai yi shi cikin tsokana har tsohon ya yi dariya. Ke ki auna Inna a ɗaki. Ranar asibiti ki roƙe shi ya raka su, maganar kilo biyar ɗin nan ta fito daga bakin likita. Ki kuma sani, in shi ne ɗan fari, Inna za ta kwana da yunwa wata shida ba ta musa masa ba, don ko sunansa ba ta faɗa. Tuwon daren yau kada ki tambaye ta ko tana so, ki kai mata ki zauna ku ci tare.

Ki samu ɗan littafi na makaranta, shafi ɗaya na Inna, ɗaya na Baba. Sau ɗaya a wata, da safe kafin kari, ki rubuta kwanan wata, kilo, ciki, sha-raɓa, da sakan ɗin kujera. Igiyoyin biyu ki ɗaura wa ta Inna ƙyalle don kada su cakuɗe, ki rataye su a ƙusa inda awaki ba sa kaiwa. Bayan wata uku ki sake rubuto mini, ki fara da sakan nawa Inna ta yi.